Amsoshin Tambayoyinku: Ƙungiyar mawaƙan kaboyi da ta haura shekara 90 ba ta watse ba

Assalamu alaikum jama'a masu sauraronmu, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau dai jakar wasiƙun tamu kusan duk maganar waƙar kantiri ce a ciki, wato waƙar mutanen karkarar Amurka, tun da muka rufe shirin makon jiya da wani tsohon faifai na wasu Amurkawa saƙonni suke ta shigowa, wasu ta WhatsApp wasu ta Facebook, akwai ma waɗanda har yanzu da biro da takarda suke rubuto mana, Allah ya bar mu da ku. Ni wallahi ban ɗauka abin zai tayar wa mutane da tsohon tsumi haka ba, don cike gurbi kawai na saka shi saboda minti uku da suka rage mana.

Wasiƙar farko daga Agadas ta fito, wani bawan Allah ne yake cewa: "Malam, marigayi babana direban babbar mota ne a hanyar Agadas zuwa Arlit, tun ina yaro yake saka kaset ɗin Turawan nan masu malafa da jita. Da na ji faifan da ka saka sai da na tuna shi. Su waye waɗannan, kuma da gaske kake da ka ce ƙungiyar tasu ta fi shekara 90 kuma har yanzu tana nan, ko dai zuƙi ta malle ce irin ta 'yan rediyo?"

Toh ɗan'uwa Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ba zuƙi ta malle ba ce. Sunan ƙungiyar Sons of the Pioneers, a Los Anjalos ta jihar Kalifoniya aka kafa ta a 1933, kuma mutum uku ne suka fara: Leonard Slye da Bob Nolan da Tim Spencer. Ka lissafa daga 1933 zuwa yau ka gani. Amma bari in yi adalci, akwai wata ƙungiyar a Tekzas da ake kira Light Crust Doughboys da ta girme su, ita tun 1931 ta fara a birnin Fort Worth, wani kamfanin fulawa ne ma ya ɗauki nauyinta don ta riƙa yi masa talla a rediyo, manajan da yake gabatar da su ɗin nan W. Lee O'Daniel da farin jinin shirin ya hau har ya zama gwamnan Tekzas. Sai dai su sun tsaya lokacin yaƙin duniya na biyu kafin daga baya su dawo, su kuwa waɗannan namu ba su taɓa naɗe tabarma ba, shi ya sa in ana maganar wadda ta fi daɗewa ba tare da yankewa ba sunansu ne yake fara fitowa.

Yadda suka haɗu ɗin ma abin ji ne. Lokacin Amurka tana cikin karayar tattalin arzikin nan da ta fara a 1929, aiki ya yi wuya, mutane suna ta kwarara Kalifoniya neman na tuwo. Shi Leonard ɗan jihar Ohayo ne, a Sinsinati aka haife shi a 1911, ya zo Kalifoniya ya yi tuƙin babbar mota ya yi tsinkar 'ya'yan itace a gonakin mutane, a 1931 ya shiga wata gasar waƙa ta 'yan koyo a rediyo, daga nan wata ƙaramar ƙungiya mai suna Rocky Mountaineers ta ɗauke shi. Da suka ga suna buƙatar ƙarin murya sai suka buga cigiya a jarida, wanda ya amsa cigiyar shi ne Bob Nolan, haifaffen Winifeg ta ƙasar Kanada a 1908 wanda ya yi samartakarsa a Tuson ta jihar Arizona, a lokacin aikinsa gadin bakin teku, wato shi ne mai tsamo waɗanda ruwa yake neman ci. Bai daɗe ba ya ga waƙar ba ta kawo ko na sabulu sai ya bari ya koma ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna a filin golf, sai Tim Spencer ɗan jihar Misuri ya maye gurbinsa, shi kuma a siton wani babban kanti yake aiki. Kun ga dai, direba da ɗan dako da ma'aikacin sito.

A 1933 Leonard da Tim suka bi wata ƙungiya yawon wasa a garuruwan Arizona da Niyu Meziko da Tekzas, tafiyar ba ta yi albarka ba, yunwa ta ci su sosai, har ta kai in an ba su fili a gidan rediyon gari sai su riƙa sako zancen abinci ko wani zai ji tausayi. A garin Roswell wata budurwa ta bugo waya ta ce in Leonard ya rera mata wata waƙa da take so za ta kawo musu kek mai lemun tsami, ya rera, ta cika alkawari. Ku riƙe labarin budurwar nan don za mu dawo kansa. Da suka dawo Los Anjalos a jigace Tim ya ce shi kam ya haƙura ya koma sitonsa, Leonard ne ya ƙi yarda, ya bi shi ya lallaso shi, ya je filin golf ya lallaso Bob, suka kama ɗaki a wani gidan haya suka yi makonni ba abin da suke yi sai gwajin murya safe da yamma har sai da muryoyin uku suka zauna a kan juna kamar ta mutum ɗaya. Suka sa wa kansu suna Pioneer Trio, gidan rediyon KFWB ya ɗauke su. Farkon 1934 wani gwanin goge ɗan Tekzas Hugh Farr ya shigo, shekara guda bayan haka ƙanensa Karl ya biyo shi da jita. Faifansu na farko da kamfanin Decca ranar 8 ga Agustan 1934 aka naɗe shi.

Sai wata 'yar'uwa daga Zangon Kumasi, tambayarta gajeriya: "Na ga an rubuta 'ya'ya a sunan nasu, uba ɗaya ne ya haife su?"

A'a Hajiya, in ban da Hugh da Karl ba wanda ya haɗa jini da wani a cikinsu. Kalmar da ke ƙarshen sunan, wato Pioneers, tana nufin mutanen farko da suka sari daji suka kafa garuruwa a yammacin Amurka, irin waɗanda mu za mu ce da su masu saran gari (duk da dai dajin da suka ce sun sara akwai masu shi, Indiyawan daji suna zaune a wurin tun fil azal, wannan wani karatun ne). Toh wata rana mai gabatarwa a KFWB ya tashi sanar da su sai ya ce 'ya'yan masu saran gari maimakon masu saran gari, da suka tambaye shi dalili ya ce ai ku yara ne, shekarunku ba su kai a ce ku kuka sari dajin ba sai dai iyayenku. Kuma dama sun zama huɗu, sunan da ke cewa su uku ne ya daina dacewa. Haka sunan ya bi su. Kun ga mu 'yan rediyo ba a banza muke ba, raɗin suna ma muna yi ba rago ba goro.

Wasiƙa ta uku da hannu aka rubuta ta, a takardar littafin makaranta mai layi, rubutun nan mai kwanciya irin na waɗanda suka yi elemantare tun zamanin tawada, daga wani dattijo a Fagge cikin Kano. Yake cewa shi ya ga zamanin da ake cika silima don kallon fim ɗin kaboyi, su Rex da Palace, kuma ya san wani jarumi Roy Rogers mai farin jinin doki, "shin yana da alaƙa da mawaƙan nan? Sannan jikana ya dage wai shi ne uban Kenny Rogers, a raba mana gardama."

Ranka ya daɗe Baba, ai Roy Rogers ɗin shi ne Leonard Slye da nake ta ambata tun ɗazu. A 1937 kamfanin fim na Republic ya ɗauke shi, suka ga sunan Slye ba zai sayu a jikin fasta ba suka canza masa, a 1938 kuma da babban tauraronsu Gene Autry ya yi musu yaji a kan maganar kuɗi sai suka ba Roy fim ɗin da aka shirya wa Autry, daga nan tauraronsa ya haska har aka riƙa ce masa sarkin kaboyi. Dokin da Baba yake tunawa Trigger sunansa, mai ruwan zinariya da farar geza. Wannan ɗaukaka ita ta raba shi da ƙungiyar don su a lokacin suna da kwantiragi da wani kamfanin daban wato Columbia, sai Pat Brady ya shiga gurbinsa. Amma ba rabuwar baram-baram ba ce, a 1941 da kwantiraginsu ya ƙare suka koma wajensa suka riƙa fitowa a finafinansa har zuwa 1948, don haka in Baba ya tuna wurin da ake zaune gefen wuta da dare wasu mutane biyar ko shida suna waƙa a bayan jarumin, toh su ne.

Maganar jika kuwa, Baba kai ka ci gardama. Kenny Rogers a Hustan ta Tekzas aka haife shi a 1938, ya rasu a 2020, shi Rogers sunan gidansu ne na gado, shi kuwa Roy aron sunan aka ba shi a kamfani. Ko dangin nesa ba su haɗa ba. A gaya wa jika ya kawo goron tara.

Akwai saƙonni kusan guda shida da suka yi tambaya iri ɗaya, daga Damagaram da Gaidam da Garwa da sauransu, wai me waƙar da muka saka take cewa ne, don sun ji ana ta maimaita kalmar ruwa. Sunanta Cool Water, Bob Nolan ne ya rubuta ta a 1936, ƙungiyar ta naɗe ta a 1941. Labarin wani matafiyi ne a hamada shi da abokin tafiyarsa Dan, wanda akasari ake fassarawa da alfadarinsa, ƙishirwa ta kai musu iya wuya, sai kawalwalniya ta riƙa yi musu gizo, mutumin yana hango ruwa da inuwar bishiya a gaba yana kuma gargaɗin Dan da kada ya saurari wannan mayaudarin da ke shimfiɗa ruwan ƙarya a kan rairayi mai zafi. Har waƙar ta ƙare ba su sha ruwan ba. Abin da ya sa take kama jiki shi ne yadda suka tsara ta, mai jan baƙi yana ba da labari da murya mai kauri, can sama kuma wata siririyar murya tana ta kiran ruwa, ruwa, kamar daga nesa, kamar ita ce kawalwalniyar da kanta. Ni na taɓa bin mota daga Tawa zuwa Agadas da tsakar rana a watan Afrilu, kwalta tana ta walƙiya a gabanmu kamar an yi ɓarin tafki, wani yaro da ke kusa da ni ya riƙa jan rigar uwarsa yana nuna mata wai ga kogi can, jarkar da ke ƙarƙashin kujera kuwa ruwan cikinta ya yi zafi kamar na shayi. Duk wanda ya san wannan ba sai an fassara masa waƙar ba. Shi ma Nolan ba a littafi ya karanta hamada ba, a Arizona ya tashi.

Ɗayar waƙar tasu da ta fi shahara ita ce Tumbling Tumbleweeds, ita ma ta Nolan ce, tana cikin waɗanda suka naɗa a 1934. Sunan wata ciyawa ce mai ƙaya da in ta bushe sai ta tsinke daga saiwa ta dunƙule kamar ƙwallo iska ta yi ta mirgina ta a fili, wadda kuke gani tana wucewa a fim ɗin kaboyi kafin a fara harbi. Da ganyen bishiya ya fara rubuta waƙar daga baya aka mayar da ita kan ciyawar. Abin dariyar shi ne ciyawar da ta zama tambarin yammacin Amurka ita ma baƙuwa ce, daga Rasha irinta ya shigo a cikin buhunan iri wajen shekarun 1870 ta jihar Dakota ta Kudu.

Wani matashi daga Zariya, ɗalibi ne da alama don ya yi ta jero tambayoyi da lamba, na ɗauki biyu. Ta farko: "wannan abin da suke yi da murya kamar guɗa, mene ne?" Ƙanena ba guɗa ba ce, guɗa da harshe da hanci ake yinta kuma aikin mata ne a wajenmu. Wannan yodal ake ce masa, a maƙogwaro yake, mutum ya riƙa tsallakawa da sauri tsakanin muryar ƙirji da siririyar muryar ka, sai ka ji kamar muryar tana karyewa tana haɗewa. An fi saninsa da makiyayan duwatsun Siwizalan da Ostiriya masu kiran juna daga tsauni zuwa tsauni, wanda kuma ya cusa shi cikin waƙar kantiri har ya zauna shi ne wani mawaƙi Ba'amurke Jimmie Rodgers daga 1927. Abin da su Roy suka ƙara shi ne yinsa su uku a lokaci guda kowa a kan nasa matakin murya ba tare da wani ya taka wani ba, ku gwada a gida ku ji yadda maƙwabta za su fito.

Ta biyun ita ce ta fi min daɗi: "su kaboyin gaske ne?" Gaskiya a'a. Zamanin kaboyin gaske gajere ne, daga bayan yaƙin basasar Amurka wajen 1866 zuwa tsakiyar shekarun 1880, lokacin da ake koro shanu dubu biyu ko uku daga Tekzas a yi wata biyu ko fiye a hanya zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas irin su Abilin, mutum goma sha kaɗan ne suke korar garke guda. Aiki ne na talaka, ƙura da rana da kwanan daji, da dare masu gadi suna zagaya garken a kan doki suna 'yar waƙa ƙasa-ƙasa don kada shanun su firgita su ɓarke da gudu. Yawancin dabarun aikin daga makiyayan Meziko aka koya, kuma masana tarihi suna ƙiyasta kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyayan baƙaƙen fata ne, abin da finafinan da Baba ya kalla a Rex ba su nuna masa ba. Da waya mai ƙaya ta fito a 1874 aka fara killace filaye, layin dogo kuma ya iso har Tekzas, sai sana'ar ta mutu. Kafin a haifi su Nolan ma an gama. Don haka abin da suke rerawa begen wani zamani ne da ba su gani ba, an wanke shi an goge an sa masa riga mai aiki, an sayar wa mutanen birni da talauci ya dama ta rediyo. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibu ba, mawaƙin noma ma ba lallai ya fi kowa riƙe garma ba, amma dai a san bambancin.

Yanzu ga wasiƙar da ta sa na yi ta juyi jiya da dare, daga wata malamar makaranta a Gusau. Ta ce: "Malam ni ban gamsu ba. In duk waɗanda suka kafa ƙungiya sun mutu, waɗanda suke yawo da sunan yanzu ai kwaikwayo suke yi. Da Shata ya rasu wa ya isa ya ce shi ne ƙungiyar Shata? Ku daina cewa shekara 90, ku ce suna ne ya yi shekara 90."

Malama kin zo da magana, kuma ta wani ɓangaren kina da gaskiya, ba ko ɗaya daga cikin na farkon da ke raye. Karl Farr ciwon zuciya ya kama shi ana tsakiyar wasa a jihar Masacusets a 1961 ya rasu, Tim Spencer 1974, Hugh Farr da Bob Nolan duk a 1980 wata uku tsakani, Roy Rogers 1998. Har ma da aka tashi shigar da su zauren karrama gwarzayen kiɗan kantiri da ke birnin Nashbil, cibiyar wannan kiɗan, a ƙarshen 1980, cikin mutum shida da aka karrama Roy kaɗai ne yake numfashi.

Amma misalin Shata da kika kawo shi ne inda muka rabu. A tsarinmu ƙungiya ta mai jan baƙi ce, makaɗan kalangu da 'yan amshi komai gwanintarsu a bayansa suke, waƙar a bakinsa take fitowa nan take, in ya ga mutum ya ƙaga baiti a wurin, toh ranar da Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999 dole abin ya tafi da shi, wanda duk ya biyo baya ko ɗansa ne sai dai a ce yana waƙoƙin Shata. Ɗan Maraya Jos ma ba a magana, shi da kuntiginsa ne kawai. Inda aka ɗan samu ɗorewa irin gidan Ɗanƙwairo ne, saboda can amshin da haɗa muryar suna da nauyi sosai kuma 'ya'ya sun tashi a ciki. Su kuwa waɗannan Amurkawan tun ranar farko ba su gina abin a kan mutum ɗaya ba, a kan haɗuwar murya uku suka gina shi, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, kowace da gurbinta kamar duwatsun murhu. Shi ya sa tauraronsu mafi girma ya tafi tun ƙungiyar tana shekara huɗu ba ta girgiza ba. Yaƙin duniya ya zo aka kwashi biyu daga cikinsu, Lloyd Perryman da Pat Brady, aikin soja, aka sa Ken Carson da Shug Fisher aka ci gaba. A 1949 Tim da Bob, wato masu rubuta akasarin waƙoƙin, suka ajiye a shekara guda, wannan ita ce jarrabawar da ta fi kowace tsanani, aka kawo Ken Curtis a gurbin Tim, aka nemo Tommy Doss saboda muryarsa tana kama da ta Bob har mutane suna kasa bambancewa a faifai.

Kuma ba wai ana watsewa ba ne wasu baƙi su zo su tsinci sunan a ƙasa. Suna da muƙamin shugaba da suke kira da sunan mai jagorantar korar shanu, mu dai madugu za mu ce. Lloyd Perryman ya shigo a 1936 yana saurayi ɗan shekara 19, ya rera da su Bob da Tim da Roy kafaɗa da kafaɗa, shi ne ma ya fi kowa sanin yadda ake raba muryoyin, ya zauna shekara 41 har ya rasu a 1977 yana madugu. Dale Warren ya shigo a 1952, ya yi shekara 25 a gefen Lloyd yana koyo, ya karɓi maduguncin ya riƙe har ya rasu a 2008, shekara 56 kenan a ƙungiya ɗaya. Waɗanda suka karɓa daga hannunsa, Luther Nallie sannan ƙanensa Tommy, su ma sun yi shekaru a ƙarƙashinsa. Kin ga mutum biyu kacal, Lloyd da Dale, sun haɗa 1936 da 2008. Malama ke da kike koyarwa kin fi ni sanin abin da ake nufi da an yi karatu a gaban wane shi kuma ya yi a gaban wane, ba a cewa karatun ya zama kwaikwayo don malamin farko ya rasu. Ni a nan na tsaya. Ban ce kuma muryar yau ta kai ta 1941 ba fa, ni kaina in za a ba ni zaɓi tsohon faifan zan ɗauka, kuma an daɗe ba su fitar da sabuwar waƙar da ta kama ƙafar na Nolan ba, galibi gadon suke juyawa. Rikici ma an yi, da Hugh Farr ya fita a 1958 sai da aka ja a kan wa ke da sunan, a ƙarshe ya zauna wajen waɗanda suka ci gaba da tafiyar.

Na ce ku riƙe labarin budurwar Roswell mai kek. Roy ya aure ta a 1936, a 1946 ta haifa masa ɗa namiji, kwanaki kaɗan bayan haihuwar ta rasu. Wannan yaron da ake kira Dusty shi ne ya shiga ƙungiyar a 2018 yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya tsaya a inda ubansa ya bari shekara 81 da suka wuce. Toh Hajiyar Kumasi, kin ga a ƙarshe dai an samu ɗa na gaske a cikin 'ya'yan.

Saura minti biyu, bari in ɗauki ta ƙarshe da sauri, wani tela daga Jos yake tambaya ko Don Williams ya taɓa zama a cikinsu, wai shi a duniya ba shi da na biyunsa. Maigida bai taɓa ba, shi ɗan Tekzas ne da aka haifa a 1939, ƙungiyar da ya yi kafin ya tsaya da ƙafarsa Pozo-Seco Singers ce a shekarun 1960, salonsa kuma na Nashbil ne mai sanyi, na soyayya da zaman gida, ba na doki da hamada ba. Ya san yana da masoya a nahiyar nan don har Harare ya zo ya yi wasa a 1997, ya rasu a 2017. Ni ma a shagon tela na fara jinsa, wani maƙwabcinmu mai keken ƙafa da rediyo kaset ɗaure da roba, in zaren kaset ɗin ya harɗe ni ake ba biro in naɗe shi a hankali, ladana alawa ɗaya.

Sauran wasiƙun, musamman ta wanda ya tambayi alaƙar banjo da gurmi da molo, na ajiye su sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu don wannan ba maganar minti ɗaya ba ce. Ɗan'uwanmu na Agadas ya roƙi a sake saka masa waƙar ruwan nan saboda Baba, toh ga ta nan, naɗin 1941 ne, don haka ƙarar shuu ɗin da za ku ji a ƙasa daga faifan take, kada wani ya bugi rediyonsa. Injiniya bismillah.